Ajiye Ƙarfen Dalmar Nan, Bazazzagi

Bazazzagi, bawan Kanawa na gado, a gaishe ka da ƙoƙari. Labarinka ya iso Kano, kuma wanda ya kawo shi bai rage ko wasali ba. An ce ka tare wani ɗan gwangwan a bakin Kwangila, ka leƙa buhunsa, ka zaro wata 'yar kwamfuta mai launin kore da fari, mai kunnuwa biyu da mariƙi, ka biya kuɗin da ya yanka maka ko tayi ba ka yi ba. Wannan kaɗai ya isa a tara maka dattawa, amma a bar shi, ciniki ba gadon gidanku ba ne. Ragowar labarin ne ya tayar mini da hankali. Wai ka shelanta wa majalisarku ta Samaru cewa abin da ka tsinta samfurin gwaji ne, ɗaya daga cikin waɗanda aka kai makarantar Galadima, kuma har ka sayo ƙarfen dalma da sukundireba da samfefa, ranar Asabar za ka mayar da ita sabuwa fil. Samfefa fa, Malam! Don girman Allah ajiye kayan nan, ka wanke hannunka daga faten tsaki, ka zauna Bakano ya karantar da kai kyauta, abin da ba mu saba yi ba.

Ban ce ka yi asara ba tukuna. Na'urar da ke hannunka sunanta XO, kuma tarihinta ya ratsa ƙasar nan da gaske. A watan Janairun 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya tashi a taron Davos ya ce za a ƙera kwamfutar dala 100, kowane yaro a ƙasashe marasa ƙarfi ya samu tasa. Daga nan ƙungiyar One Laptop per Child ta samo asali. A watan Nuwamba na shekarar aka kai samfurin farko Tunis don nuna wa duniya, da wani hannu a gefe wanda ake juyawa ya samar da wuta. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya kama hannun zai gwada, sai ga shi ya ɓalle. Na bi salsalar marigayin, mutumin Kumasi ne, ba shi da kowa a Zazzau, amma wallahi hannun irin naku ne.

Bayan wannan abin kunya aka shiga aikin gaske. Kamfanin Quanta na Taiwan ya karɓi ƙira, aka riƙa fito da ita zubi-zubi don gwaji: B1 a ƙarshen 2006, B2 a farkon 2007, sannan B3 da B4, kowane zubi yana gyara abin da na baya ya tona. Ba a fara ƙera ta kasuwa ba sai Nuwamban 2007 a garin Changshu na ƙasar Sin. To amma tun watan Maris na wannan shekarar an riga an sauke kimanin 300 a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. Lissafin ba ya buƙatar digiri na uku: duk wadda ta shiga hannun yaran Galadima a waɗancan watanni ta gwaji ce, tunda ta kasuwar ba a haife ta ba. An yi ta maganar Najeriya za ta sayi miliyan guda, gwamnati ta sauya, magana ta bi ruwa. A ƙarshen shekarar ma wani kamfani ya maka ƙungiyar a kotu a Legas, yana cewa an kwaikwayi allon madannansa mai suna Konyin. Wasu daga cikin na'urorin Galadima sun lalace, wasu sun yi ɓatan dabo. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce ɗaya ta shekara da shekaru a ƙarƙashin gadon wani, ta ƙare a buhun ɗan gwangwan a Zariya. Dama duk abin da ya gaji da duniya can yake zuwa ya yi ritaya.

Sai dai ga inda dogon Turancinku yake kai ku ya baro. "Mai yiwuwa ita ce" daban, "ita ce" daban. Bayan an gama gwaji an ƙera XO fiye da miliyan 2. Uruguay da Peru suka kwashi kaso mafi tsoka, Ruwanda ta ɗauki nata, a Amurka kuma aka yi wani shiri a ƙarshen 2007 inda mutum zai biya dala 399 ya karɓi ɗaya, a aika ɗaya ga yaron wata ƙasa. Da yawa daga cikin masu sayen sun ɗan yi wasa da ita suka jefa sito, ka kuwa san inda tarkacen siton Turawa yake ƙarewa: kwantena, Legas, sannan ya hauro Arewa a bayan tirela. Tambayi kowane ɗan kasuwa a titin Beirut, zai gaya maka cewa in ka ga ɗaya a bola, rinjayen zato ta gama-gari ce, har sai ta kawo shaidar da za ta wanke kanta.

Abin daɗin shi ne ana iya jin shaidar ba tare da an ba ta wuta ko ɗis ba. Kifa ta, ka zare batir. A cikin ramin akwai takarda mai ɗauke da lambarta. Ɗauki hoto, ka kuma kwafa a littafi, tunda rubuce-rubuce dai ba a fi ku ba. Sai ka dubi madannai. In ka ga harafin n mai 'yar igiya a ka irin na Sifaniyanci, yi mata sannu da zuwa daga Kudancin Amurka, ka ba kanka haƙuri. In kuwa ka ga ɓ da ɗ da ƙ, to gyara zama, domin an tsara wa Najeriya allon madannai nata na musamman. Shaida mafi ƙarfi tana ciki. Fanel ɗin XO a bayan gilashi yake, ba a ƙarƙashin madannai ba kamar sauran kwamfutocin cinya, kuma an yi ta ne don a iya kwance ta da sukundireba kawai, har an ɓoye wasu kusoshi na ko-ta-kwana a cikin mariƙinta. Sukundireba na yarje maka, dalma ce ban yarda ba. Zubin B1 da B2 suna ɗauke da ƙwaƙwalwar Geode GX mai gudun megahaz 366 da ma'ajiya mai megabayit 512. Daga B3 har zuwa ta kasuwa an koma Geode LX mai gudun 433 da ma'ajiyar gigabayit 1. Sunan yana rubuce a jikin ayisin, tabarau kawai za ka sa. Yawancin ayisi kuma suna ɗauke da lambobi huɗu na ranar haihuwa, biyu na shekara, biyu na mako, wato 0648 mako na 48 ke nan na 2006. Na'ura ba za ta girmi autan ayisinta ba, sai fa in wani mai ƙaiƙayin hannu irinka ya taɓa sauya shi.

A sauran tsofaffin kwamfutocin gwaji alamomin sun fi haka fitowa fili. Za ka ga siraran wayoyi an liƙa su da hannu daga wannan ƙafa zuwa waccan, inda injiniya ya gano kuskure a zanen fanel ya tsallake shi. Za ka ga layin tagulla an yanke shi da reza da gangan, takardu an manna an rubuta lamba da biro, wani lokaci da gargaɗin cewa hukumar sadarwa ta Amurka ba ta amince a sayar da na'urar ba. Wasu na Apple ma jikinsu garai-garai yake, ana hango hanjin ciki. Amma takarda kowa na iya bugawa, kuma tun da kuɗi suka shiga wannan harka 'yan damfara suka biyo sahu. Shi ya sa masu saye na gaske suke fara tambayar salsala: daga hannun wa ta fito, shi kuma daga hannun wa, ina hoto, ina rasit, ina wasiƙa. Kai salsalarka ta tsaya a kan mutum guda mai buhu, wanda ko sunansa ba ka tambaya ba. Gobe da sassafe ka koma Kwangila ka nemo shi, ka saya masa shayi da burodi, ka ji a wace unguwa ya samo ta. Wannan tafiyar ta fi duk abin da ƙarfen dalmarka zai yi amfani.

Bari in ba ka labarin da zai sa hularka ta karkace. A watan Agustan 2022 gidan gwanjo na RR Auction da ke Boston ya sayar da wani fanel a kan dala 677,196. Fanel ne tsirara, ba akwati, ba ya aiki, a fashe yake, wani ɓangare nasa ya ɓalle ya ɓace, an kuma cire wasu kayan jikinsa tun tuni. Da a buhun mutuminka ka gan shi da ka ture shi gefe. Abin da ya ɗaga shi, a jikinsa an rubuta Apple Computer A maimakon Apple Computer 1 da ke jikin na kasuwa, kuma masu tantancewa sun gwada shi da hotunan Polaroid da Paul Terrell ya ɗauka a 1976, lokacin da Steve Jobs ya kai masa samfuri shagonsa na Byte Shop a Mountain View. Terrell ne ya yi odar guda 50 a kan dala 500 kowanne, odar da ta tsayar da kamfanin da ƙafafunsa. An bi hotunan nan waya-waya, tabo-tabo, ana neman inda suka dace da fanel ɗin. Har yanzu akwai masanan da ke gardama kan ko hannun Steve Wozniak ne ya yi liƙin dalmar, domin ko a Amurka ba a rasa Zage-zagi. Amma ka lura da abin da ake gardamar a kansa: tabon dalma, da yadda waya ta lanƙwasa. Da wani ya riga su ya narkar da tsohon liƙin ya yi sabo mai sheƙi, da babu abin da za a gwada da hoto, babu ma abin yin gardamar.

A nan ne nake tausaya maka, domin cutar a jininku take. Bazazzagi ba ya iya ganin kuskure ya wuce. Ko takardar gayyatar ɗaurin aure aka miƙa maka sai ka laluba aljihu neman jan biro. To kwamfutar gwaji kuskurenta shi ne dukiyarta. Ta kasuwa tana nuna maka amsar da injiniyoyi suka tsaya a kai. Ta gwaji tana nuna maka hanyar da suka bi, da inda suka yi tuntuɓe, da dabarar da suka yi da tsakar dare don abin ya tashi kafin safiya. Je ka ɗakin ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce na jami'arku, ka ce a nuna maka littafin wani malami na ƙarni biyu baya, wanda ya soke kalma ya rubuta wata a gefe da hannunsa. In ka kankare sokewar, ka sake kwafe shafin da kyakkyawan rubutunka, ka samu shafi mai tsabta, ka kuma hallaka abin da ya sa ake ajiye littafin. Abin da kake shirin yi ranar Asabar ke nan, gyaran gangar Auzinawa.

Mu dawo kan samfefa. Mai kawo labari ya ce akwai wani suna da aka ƙarta a murfin, shi kake so ka goge don ya ɓata maka kwalliya. Malam, in har na'urar nan ta Galadima ce, wannan ƙarcen shi ne rasit ɗinka. Haka in ka buɗe ka tarar da kusa wadda ba ta dace ba, ko tef an naɗe wata waya, kada ka yi tsaki ka cire. An gina XO ne a kan tunanin yara su riƙa gyara abinsu da kansu, saboda haka gyaran da ka raina mai yiwuwa aikin ɗan aji biyar ne a 2007, kuma ya fi naka daraja. Na kuma ji kana tambayar maganin da ake shafa wa tsohuwar roba a shanya a rana ta koma fara. Akwai shi, sinadarin haidurojin feroksaid ne, masu tara tsofaffin kwamfutoci sun daɗe suna amfani da shi. Sau da yawa rawayar tana dawowa bayan 'yan shekaru, wani lokaci kuma robar ta yi dabbare-dabbare, ba kuma a komawa baya. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa sun ishe ka.

Kada ka ɗauka cewa ina nufin ka naɗe ta a zani ka tura ƙarƙashin gado ka manta. Wannan ma kisa ne, a hankali dai yake yi. Babban maƙiyin tsohuwar kwamfuta yana kwance a cikinta, wato batir. Masu kwamfutar Amiga sun san ta'asar ɗan batirin Varta da ke tsiyayar da ruwa ya cinye layukan tagulla, masu tsofaffin Macintosh kuma sun san jan batirin Maxell da ke fashewa ya bar fanel kamar an yi gobara. XO ma tana da ɗan batirin agogo a jikin fanel, ban da babban da ka zare. In ya tsufa yana iya tsatsa ya ci mazauninsa. Sanannen ciwo ne kuma a wannan na'ura cewa in batirin agogon ya mutu, kwanan wata ya rikice, wasu masu tsohuwar manhajar tushe sai su ƙi tashi ƙememe, mutum ya ɗauka sun mutu alhali agogo ne kawai ya ɓace musu. Masu sani suna shiga ta wata 'yar kafa a jikin fanel da waya ta musamman su saita shi. To cire wannan batirin wajibi ne, ko ta gwaji ce ko ta kasuwa. Ka ɗauki hoto kafin ka taɓa, ka cire, ka sa shi a 'yar leda, ka rubuta rana da inda ka ciro shi, ka ajiye tare da ita. Ƙa'idar masu gidajen tarihi ke nan: duk abin da aka cire ba a yarwa, duk abin da aka sa sabo a yi masa alama, kuma kada a yi aikin da ba za a iya warwarewa ba.

Sai maganar ba ta wuta, wadda na san ita ce ke cin ranka, don kana so majalisa ta ga gilashi ya kawo haske a yi maka tafi. Sakan na farko bayan dogon barci shi ne mafi haɗari a rayuwar tsohuwar na'ura. Kafasito masu ruwa suna bushewa ko su zubar, na tantalam suna haɗe wuta su yi tartsatsi, akwai kuma wasu na kamfanin RIFA a cikin tsofaffin gidajen wuta da suka yi suna wajen fashewa su turnuƙe ɗaki da hayaƙi mai wari. Ƙara da cewa kayan Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce, ranar da ta ga damar zuwa. Na san halinka, za ka zazzage akwatin cajoji ka ɗauki duk wadda bakinta ya shiga ramin. Shigar baki ba ita ce dacewa ba. Masu aikin suna fara aunawa da mita su tabbatar babu inda wuta ta haɗe, sannan su ba ta wuta daga injin kan tebur wanda ake ƙayyade masa iyakar abin da zai saki, ido a kan allura, hannu a kan makunni. Yaranmu masu gyaran waya a Farm Centre suna da irin wannan injin. Ka zo a ara maka, da shaidu biyu da mai tsaya maka.

Kafin ma a kai ga wuta, a tsofaffin na'urori akwai aikin da ke gaba da komai: kwafe abin da ke cikin ayisin ajiya. Na gwaji sukan zo da irin ayisin nan mai 'yar taga ta gilashi a ka, wadda ake rufewa da takarda domin hasken da ke goge ta yana cikin hasken rana. Mai son tsabta ya ɓare takardar don ta yi datti, ya bar fanel a bakin taga. Ko ba a ɓare ba, cajin da ke riƙe da bayanan yana zurarewa da kansa in shekaru suka yi nisa. Sau da yawa manhajar da ke ciki ita kaɗai ta rage a duniya, domin kamfanin ya watsar da ita ranar da sabuwa ta fito. Fanel in ya ƙone ana iya lallaɓa shi, wannan in ta tafi ta tafi ke nan.

A taka na'urar haɗarin yana da suna, kuma na ji ka ambace shi: filashin. Ka ce in ta ƙi tashi za ka sauko da sabuwar manhaja daga intanet ka ɗora mata. Sababbin manhajojin XO don na kasuwa aka yi su, ba lallai su zauna a kan zubin farko ba, suna ma iya barinta ba rai ba motsi. Ko da sun zauna, ɗorawar tana share ma'ajiya kaf. Manhajarta ta asali, Sugar, an gina ta ne ta riƙa adana abin da yaro ya yi, ga kuma kyamara a jikinta. In ta Galadima ce, akwai yiwuwar zane-zane da rubutu da hotunan wani yaro suna nan kwance tun 2007. Ka ga abin da ya fi fanel ɗin daraja, kai kuma kana shirin share shi don ka ga sabon tambari yana juyawa. In Allah ya sa an kwafe su lafiya, ka tuna mai su yanzu magidanci ne ko matar aure, wataƙila da 'ya'ya. Ba kayan ɗorawa a Facebook ba ne don a ce Malam ya yi bincike. Amanar wani ce ta faɗo hannunka.

Na san gardamar da za ka kawo, tunda ba a taɓa yin magana Bazazzagi ya ce haka ne ba. Za ka ce ai an gyara wasu kuma ba su faɗi ba. Gaskiyarka, kuma ni zan ba ka misalin da kaina don kada ka wahala. Nintendo da Sony sun taɓa haɗa kai za su fito da na'urar wasa mai cin kaset da faifan CD, suka ɓata a 1991 lokacin da Nintendo ta juya ta kama Philips, Sony ta yi zuciya ta fito da PlayStation tata a 1994. Ɗaya daga cikin samfuran wancan auren da bai yiwu ba ya bi wani tsohon shugaban sashen Sony, Olaf Olafsson, zuwa kamfanin Advanta. Kamfanin ya karye a 2009, aka yi gwanjon tarkacen ofis, wani ma'aikaci ya sayi tulin kaya a kan dala 75, na'urar tana ciki bai sani ba. Ta zauna a ajiye har 2015 kafin ɗansa ya nuna wa duniya. Ɓangaren kaset yana aiki, na faifai ba ya yi. Suka kai wa Ben Heckendorn, wanda ya yi suna a wannan sana'a, ya buɗe ta a gaban kyamara, ya bi layukanta ɗaya bayan ɗaya, ya sauya kafasiton da suka lalace, a 2017 faifai ya juya. A watan Maris na 2020 aka sayar da ita dala 360,000 a gidan gwanjo na Heritage. Mai ita ya ce kafin nan an taɓa taya ta dala miliyan 1.2 ya ce albarka. Wannan kam ko ba a bincika ba akwai jinin Tudun Wada a jikinsa.

To dubi sharuɗɗan da suka sa wancan gyaran ya halatta. An riga an tabbatar da ko wace ce ita kafin a taɓa ta. Wanda ya yi aikin gwani ne, kuma duk abin da ya yi yana naɗe a bidiyo, kowa na iya komawa ya gani. Abin da aka sauya kayan gama-gari ne da ke lalacewa da kansu, ba a taɓa abin da ya sa ta zama ita ba. Sannan akwai tambayar da ba za a iya amsawa ba sai ta tashi, wato shin ɓangaren faifan ya taɓa aiki kuwa, kuma yaya yake yi. Kai wace tambaya kake so taka ta amsa? Yadda XO ke aiki ba asiri ba ne, manhajarta a buɗe take ga kowa, dubbai suna nan suna aiki a hannun masu tarawa. In wasa kake so ka yi da Sugar, nemi ta kasuwa ka yi ta kwancewa kana ɗaurawa har ka gaji.

Manyan gidajen tarihi ma ba su taru a kan amsa guda ba. A Ingila akwai kwamfutar Harwell Dekatron ta 1951, mai nauyin tan biyu da rabi, wadda ta yi aiki a kwalejin Wolverhampton har 1973. Masu sa-kai sun tattaro ta, suka farfaɗo da ita a gidan tarihin kwamfuta na Bletchley Park, ta sake tashi a Nuwamban 2012, mafi yawan kayanta na asali ne, kuma mutane suna tsayawa su ga lissafi yana tafiya a cikin fitilunta da idonsu. A Ostireliya kuwa akwai CSIRAC, wadda ta fara aiki a 1949 aka kashe ta a 1964. Tana nan a Melbourne cikakkiya, kuma masu riƙon ta sun zaɓi kada a sake kunna ta, domin tayar da ita zai ci kayan asali da yawa, a wayi gari ana kallon sabuwar na'ura sanye da rigar tsohuwa. Duka biyun mutanen kirki ne masu ilimi, kowanne ya auna abin da zai samu da abin da zai rasa. Babu dai wanda ya fara da sayen samfefa.

Ga hukuncin Kano, kuma ba a ɗaukaka ƙara. In ka buɗe ka ga Geode LX da madannan Sifaniyanci ko na Turanci zalla, babu wata alama ta daban, to taka ce halak malak. Sauya batir, yi mata filashin, narka dalmarka har hayaƙi ya kore sauro, ka ba jikokinka su yi wasa. In kuwa ka ga GX, ko haruffanmu masu lanƙwasa, ko wani abin da ya ɗaure ta da Galadima, ka cire batura biyun, ka ɗauki hoton kowane lungu, ka mayar da kusoshi inda ka same su, ka tsaya nan. Sauran aikin na wanda ya san hanyar kwafe ma'ajiya ne ba tare da ya rubuta komai a kanta ba. Kada kuma ka fara zagayen GRA kana tambayar kuɗin gida. Ba Apple ba ce, ko kusa, masu tarawa ba za su yi kokawa a kanta ba. Darajarta a nan gida take, domin tana cikin 'yan kaɗan da suka rage daga lokacin da manyan injiniyoyin duniya suka zo gwada tunaninsu a kan bencin firamaren gwamnati a Najeriya, kuma irin wannan abu mazauninsa gidan tarihi ne ko jami'a, tare da takardar da ke bayanin inda ya fito.

Tunda na san ba za ka iya kwana ɗaki ɗaya da ita hannunka bai yi ƙaiƙayi ba, ka naɗo ta a tawul, batir a leda daban, ka riƙe ta a cinya, ban da but ɗin mota. In ka sauka a Unguwa Uku ka kira ni in turo yaro. Zan ajiye maka ita amana, in nemo wanda zai kwafe ta, in kuma yi maka dillancin inda za ta zauna. La'adata kashi goma ce ga kowa. Ga Bazazzagi sha biyar, saboda sai na saurari jawabi kafin a miƙo kayan.